Uwar Ƙullun Baba Kafaran

Shekaranjiya jikata ta shigo gida da wata 'yar leda mai ƙyalli, ba ta kai tafin hannun jinjiri ba. Ta yage bakinta da haƙori, ta zazzage wani gari mai kama da yashin tabki a cikin kwaɓin fanke, ta rufe da faifai, ta koma kan wayarta. Kafin in gama tsince wake kwaɓi ya taso ya ɗaga faifai. Na ce mata, ke, wa ke ciyar da wanga abu? Ta ce, "Kaka, ba ya cin komi, lebir ne, a kanti ake saye." Na ce, to wa ya haife shi? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Ni da na ga abin da ke tada burodi da ranshi, na ba shi abinci da hannuna, na ga yadda ya mutu, yau ni ake yi ma dariya a kan tabarmata. Tun lokacin bakina ke ƙaiƙayi. In ban faɗa ba babu sauran mai faɗa, don duk waɗanda sunka san zancen suna ƙarƙashin ƙasa.

Ni 'yar Matankari ce. An kawo ni Dogon Dutsi amarya a shekarun da anka sauke tutar Nasara anka ɗaga tamu. Mu dai ba tuta ta dame mu ba, gero ya dame mu. Abin da ke tada mace daga barci shi ne ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta, in kin ji wata ta riga ki kunya ta kama ki tun kina kwance. Sai lugude shi ɗauka daga wanga gida zuwa wancan, har dutsin da ke bayan gari shi riƙa maido mamu da amo, kamar can ma akwai wasu mata da ke daka. Zabi na kuka bayan darni, jakai na amsa ma juna, igiyar guga na gurzar itacen bakin rijiya, 'yan mata na waƙar niƙa da muryar da barci bai gama saki ba. Mu sussuka, mu sheƙe, mu surfa, mu wanke, mu daka, kafin hantsi ya yi zafi fura ta sauka. Hannuna wanga da kuke gani ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarshi. Yanzu fa? Inji ke niƙa, shina ihu kamar an taka wutsiyar kare, gari shi fito da zafi da warin ƙarfe. Da safe ba ka jin komi sai babur da rediyo. Yara su tashi, a miƙa masu guntun burodi mai laushin auduga, su tsoma a ruwan zafi, su tafi lakwal, wato makarantar boko, kafin azahar suna hamma. Turmin gidanmu kaji ke kwana a kanshi.

To ku sani, wanga burodi da kuke ci ko bisimilla babu, da tsoro ya shigo garin nan. Ni ban taɓa ganinshi ba sai da na yi aure, abin da na sani a kanshi duk a bakin rijiya na ji shi. Wasu sun ce da giya ake kwaɓa shi, shi ya sa yake kumbura, wanda ya ci kuwa sallarshi ba ta hawa. Wasu sun ce farin garin nan ƙasusuwan matattu ne Nasara ke niƙawa a ƙasarsu su ɗuro mamu cikin buhu, in ba haka ba wace tsaba ce ke da fari haka? An ce da ƙafa ake tattaka shi. An ce 'yan mishan suna gutsura shi a ɗakin ibadarsu, don haka wanda ya saba da shi wata rana za shi farka shi ga ya zama nasu. Masu ciki an hana su ko sunsunawa, wai za shi ci gaba da tashi a cikin ciki shi matse ɗa. Akwai wata Bafulatana mai kawo mamu nono daga ruga, can hanyar Sukukutane, an taɓa ba ta guntu. Ba ta ci ba, sai ta jefa shi cikin ludayin nono don ta gani. Muna kallo ya shanye nonon tas, ya kumbura ya zauna. Ta ja da baya ta ce, "Aradu wanga maraƙi ne marar uwa! Ku ɗauke abinku tun bai gano ƙwaryar ba." Mun yi dariya har munka zauna ƙasa, amma ba wadda ta miƙa hannu ta ci.

Ga shi kuwa gidan da anka kai ni, a cikinshi ake gasa abin. Ƙanen uban maigidana ne mai yi, tsohon soja, gari duk na ce mashi Kafaran, muƙaminshi na soja, mu kuma Baba Kafaran. Tun shina saurayi anka kama shi aikin soja, anka tsallaka da shi teku zuwa yaƙin Nasara. Ya daɗe har an fidda rai, sannan ya komo da tari, da ƙafar da sanyi ya cinye ma yatsu, da sana'ar da ba wanda ya roƙe shi. Matarshi ta rasu ba ɗa, bai sake aure ba. Ya gina tanderun laka a kusurwar gida, mai baki kamar na rumbu, shina gasa ma mushe, malamin lakwal, da jandarmomi, da 'yan mishan, da direbobin da ke yada zango a tasha. Dogo ne, ba ya son surutu, in ya yi dariya sai tari shi karɓe ta. Matan gida suna gudun kusurwarshi. Ni kuwa ni ce ƙarama, don haka tulun ruwanshi da dammen itacenshi a kaina sunka faɗo.

Ranar farko da na kai ruwa na tarar da shi duƙe a kan kwamin itace, hannu cikin kwaɓi har gwiwa, shina naɗewa shina bugawa, kwamin na amsawa dum, dum, kamar ganga mai danshi. Ni kuwa idona na kan ƙafarshi. Bai ɗago ba ya ce, "Amarya, ƙafata kike leƙe? Wagga mai giɓi, ko tafiya da ƙyar take kai ni, ita za ta taka burodi?" Kunya ta rufe ni. Sai ya ce, "Amma matan rijiya ba su yi ƙarya duka ba. Can da, a Masar, da ƙafa suke takawa. Wani tsoho da ya koya mamu aiki a soja ya faɗa mani." Ya ɗebo wasu 'yan ƙwayoyi daga aljihu ya zuba mani a tafi, ya ce in tauna. Na tauna, na ji gari fari mai danƙo. Ya ce, "Alkama ke nan. Wagga daga lambunan Agadas ta zo. Kin tauna ƙashin kakan Nasara, yaya daɗi?"

Daga ranar na daina gudu. In na sauke tulu sai in zauna a bakin ƙofa ina karya itacen sabara, shi kuwa in hannunshi na aiki bakinshi na buɗewa. A wurinshi na ji cewa burodi ya girmi Nasara nesa ba kusa ba. Ya ce Buzaye na binne nasu a yashi mai zafi su tone su kakkaɓe, Larabawa na manna nasu a jikin tukunya, Kanawa na da gurasa tun kakanni. Ya ce farkon burodi duk shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ba ya tashi, sai da wata mata ta mance kwaɓinta a rana, ta komo ta tarar ya kumbura ya yi tsami, ta ji tsoron faɗa ta gasa shi haka nan, shi ke nan duniya ta samu. Na ce da a gidanmu ne da an zage ta, an ba kaji. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Zancen giya ma bai ɓoye mani ba, ya ce akwai ƙasashen da kumfarta suke sa wa, amma nashi bai taɓa ganin ko ɗigo ba. Ya ce a ƙasar Nasaranmu talakawa sun taɓa rasa burodi, sunka tashi sunka sare kan sarkinsu. Wanga ban yarda ba a lokacin, na ce a raina ko yunwa ta kashe gari wa ke taɓa sarki? Ya kuma ce lokacin da abokan gaba sunka tsare su, burodin da ake ba su da dussar katako ake gauraya shi, baƙi, mai nauyin tubali, kuma manyan maza na kuka in nasu ya faɗi a taɓo.

Amma abin da ke tada burodinshi ba a waje yake ba. A cikin ɗakinshi, a lungu mai sanyi, akwai wata 'yar tukunya da ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ciki akwai wani ƙullu mai kumfa, mai ƙamshin tsami, tsakanin nono da ƙullun masa. Uwar ƙullu yake ce mata. Kullum sai ya ɗibi rabi ya zuba a kwaɓin ranar, sannan shi mayar mata da gari da ruwa, shi dama da yatsu, shi rufe. In ka kara kunne za ka ji tana wani ɗan shu-shu-shu, kamar mai barci. In an bar ta da yunwa ta kwanta, in an ciyar da ita ta tashi. Kuma kowace safiya, kafin ya taɓa ta, sai shi tsuguna shi ce, "Noma, an tashi lafiya?"

Na daɗe ban tambaya ba, don amarya ba ta tambayar surukinta. Shi da kanshi ya faɗa mani, wata rana da muke jiran wuta ta kwanta. Ya ce Noma ɗan Kiyeshe ne, rana ɗaya anka ɗauke su, mota ɗaya, jirgi ɗaya, kuma tare anka sa su aikin tanderun soja. A wani ƙauye na ƙasar sanyi, wata tsohuwar Banasara da yaƙi ya cinye ma ɗiya ta gutsuro masu wanga ƙullu ranar da za a tashe su, ta nuna masu da hannu cewa ya girmi kakarta. Sanyi na kashe shi, don haka Noma ya ƙulle shi a tsumma ya ɗaura a cikinshi, ƙarƙashin riga, da shi yake tafiya, da shi yake kwana, daga rabon garinshi yake ciyar da shi. Kafin a kai ga jirgin komowa tari ya kashe Noma. Baba Kafaran ya ce, "Na kwance tsumman daga cikinshi da sauran ɗumi. Inda anka binne shi, ko an kai ni yau ba zan gane ba. Uwarshi ta zo daga Kiyeshe ta tambaye ni, ko gabas ɗin wurin na kasa nuna mata. Ban kawo gawarshi ba, ban kawo ko hularshi ba. Wanga kaɗai na kawo da rai." Ya gyara itace ya ce, "Ni mai salla ne, amarya, na san ba ya ji. Amma in ban gaida shi ba wa zan gaida? Kuma duk wanda ya ci burodina a garin nan, abin da Noma ya ɗumama ya ci."

Sai dai ba ni kaɗai ke jin gaisuwar nan ba. Zana ce kawai ta raba ɗakinshi da na uwarshi, tsohuwar da duk gida ke ce ma Kaka. Sunanta ban taɓa kamawa ba, ba kuma yau zan fara ba. Ita ke riƙe da doguwar gida, wato iskar da ke tsaron zuri'armu, mai zama a wani dutse gindin tsamiya bayan rumbuna. Maza na zuwa masallaci, amma ba mai sa iri a ƙasa sai Kaka ta kai baƙar akuya gindin tsamiya. 'Yar ƙarama ce, ta bushe kamar kubewar rani, in ta yi tari a tsakar gida har awaki na natsuwa. Kullum takan ce mamu, a gidanta ko kare ya kwana sai ya lashi wani abu kafin ya fita. A wurinta zance a fili yake. Abu shina ci, shina numfashi, shina da suna, shina zaune a tukunya cikin duhu, in ba iska ba mi ne ne? Kada ku ce ƙin shi take yi. Kunya take ji. Na sha jin ta ta zana tana cewa, "Auta, baƙon nan naka shekara da shekaru a gidana, gari da ruwan sanyi kamar ɗan kaso? Ko kaza ba ka yanka mashi ba." Shi ce, "Inna, ba ya cin nama." Ta ce, "Ka tambaye shi? Kai da Nasara sunka wanke ma kai da sabulu, har ka san abin da iska ke so?" Shi yi dariya shi bar zancen.

Ana nan cikin bazara sai anka aiko kiran tsofaffin soja zuwa Yamai, wai za su yi maci gaban sabuwar tuta. Baba Kafaran bai so zuwa ba, amma ba a ce ma irin wanga kira a'a. Ya goge lambobinshi da toka, ya wanke farar rigarshi, ya kira ni gaban tukunya. Ya ce, "Gari da ruwa, safe da marece saboda zafi. Ki jiƙa buhun. Kada ki sa mata komi ban da wanga, ko wa ya ce." Na ce to, Baba. Ya tsuguna ya ce, "Noma, zan je in komo. Ga amarya nan." Ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi.

Na riƙe amana, wanga ko gaban Allah zan faɗa. Amma bazarar bana ba ta kama ƙafar ta waccan shekara ba. Hadari shi haɗu da marece, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Iri na cikin ƙwarya, mutane na kallon sama har wuya ya ƙage. Ɗan facalata kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, ba ya ko karɓar nono. Wata safiya na ciyar da tukunya na tafi rijiya. Ina komowa na tarar da matan gida cirko-cirko a ƙofar Baba Kafaran, wata na salati, wata ta toshe baki. Zafi ya sa uwar ƙullu ta taso ta ture murfi, ta zubo ta gefen tukunya, ta malalo a ƙasa, harshenta ya miƙe ya nufi ƙofa.

Kaka ta zo da sandarta ta duba. Ta ce, "Kun gani ko? Ya fito neman mai shi. Yunwa ta ishe shi. Shi ya riƙe mamu ruwa, shi ya taɓa yaron, kuma da gaskiyarshi."

Na sauke tulu na shiga tsakaninsu da ƙofa na buɗe hannuwa. Na ce, "Kaka, zafi ne. Haka take yi in ta ƙoshi. Baba ya ce gari da ruwa kawai."

Maigidana ya ce, "Ke! Yaushe kika zo gidan nan da har za ki tare ma Kaka ƙofa?"

Na ce, "Ko jiya na zo, ni anka bar ma amana."

Kaka ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da ya fi mani sauƙi. Ta kama hannuna a hankali ta ce, "'Yar Matankari, ke da kika fito garin da anka san girman iskoki, ke ce za ki hana baƙo abinci? Auta yaro ne. Abin da ya kasa yi, uwarshi za ta yi mashi. Matsa, ɗiyata." Mata biyu sunka janye ni gefe.

Ban taɓa ganin an girmama wani abu kamar yadda sunka girmama tukunyar nan ba. Anka share ɗaki, anka yayyafa ruwa. Wanda ya zube a ƙasa Kaka ta sa anka kankare shi da ƙasarshi duka anka mayar ciki, ta ce jikinshi ne, ba a barin shi waje. Ta ɗaura baƙin zanenta na rini da ba ta fiddawa sai shekara. Anka kamo farar kaza marar tabo, anka kawo zumar da take ɓoyo. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata da ke ƙara, ta ce, "Noma ɗan Kiyeshe, ka yi haƙuri, mun jahilce ka. Ka zo daga nesa, ka sha sanyi, ba wanda ya tarbe ka. Ga jini, ga zuma. Ka ci ka ƙoshi. Ka sakar mamu ruwa, ka saki yaro. Nan gidanka ne, ni ce uwarka." Anka yanka kaza a bakin tukunya, jini ya zuba a kan farin ƙullu. Ina kuka, su suna tsammani daɗin maganarta ne ya sa ni, kuma wallahi har da shi. Sannan ta liƙe murfi da laka. Al'adarmu ce, iska in tana cin abinci ba a kallonta, ba a buɗewa sai kasuwa ta zagayo. Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin, nan take wuni, nan take kwana.

Kafin kasuwa ta zagayo ruwa ya sauka, mai yawa, har fadama ta cika. Yaron ya tashi ya kama nono. Gida ya cika da guɗa, maƙwabta na zuwa yi ma Kaka barka, facalata na yi mani gwalo tana cewa, "Ina mai gari da ruwa?" Kowa ya fita shuka da murna. Ni kuwa in na wuce ta bayan ɗakin sai in ji wari na fitowa ta tsagar laka, ƙudaje kore na zagaye.

Ranar da Baba Kafaran ya komo, da hantsi ne, ƙasa na ƙamshin ruwa. Ya shigo da lambobi a ƙirji, bai ko zauna ba ya nufi ɗakinshi. Kaka ta tare shi fuska cike da haske ta ce, "Auta, na fidda ka kunya. Na yi ma baƙonka abin da ya dace." Ya dubi lakar da ke bakin tukunya, ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba. Ya tsuguna ya fasa lakar da yatsa. Warin ya kori kowa baya. Ina tsaye kusa, na gani, ya yi baƙi da kore, ruwa ya kwanta a sama, tsutsa na yawo. Duk da haka sai da ya kara kunnenshi. Ya daɗe a haka.

Ya ɗago ya ce, "Inna, ke kika yi?"

Ta ce, "Ni na yi, da hannuna. Ya karɓa kuwa, ba ka ga ruwa ba?"

Na ce a raina yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba a gidan nan. Sai ya juya ya durƙusa gabanta ya ce, "Na gode, Inna. Allah shi saka da alheri." Sannan ya ce mani, "Amarya, ɗauko mani hauya."

Ya tuɓe farar rigar da ya yi maci da ita ya naɗe tukunyar, ya rungume ta, ya nufi gonar bayan gari, ina biye da hauya da buta. A gindin wani gawo, tsakanin geron da ya fara huda ƙasa, ya yi haƙa irin wadda ake yi ma mutum, da 'yar ƙaramar kusheya a ciki, ya daidaita ta gabas. Ya sa tukunyar, ya jera itace, ya mayar da ƙasa, ya yayyafa ruwa. Bai kira liman ba, bai yi kuka ba. Ya zauna har inuwa ta juya. Da munka komo Kaka ta ce, "Ina baƙon?" Ya ce, "Ya ƙoshi, Inna. Ya ce za shi gida." Ta ce, "Madalla. Ka ga abin da nike faɗa maka." Har ta koma ga Allah tana ba da labarin yadda ta sallami baƙon Auta da mutunci, shi kuwa bai taɓa gyara mata ko kalma ba. Ni ma ya hana ni.

Tanderu ya yi sanyi. Masu saye na zuwa suna komawa. Ganin haka na ɗibi tsamin ƙullun masata, na riƙa ba shi garin alkama kaɗan kaɗan, safe da marece, har ya saba, ya fara kumfa. Na kwaɓa, ya tashi. Na roƙi Baba Kafaran ya hura wuta, ya nuna mani yadda ake tsaga bayan burodi da yadda ake gane zafin tanderu da bayan hannu. Da na farko ya fito ya gutsura ya tauna, ya daɗe shina taunawa. Ya ce, "Ya tashi. Hannunki na da kyau, amarya. Amma wanga bai san kowa ba." Daga ranar bai sake sa hannu a kwami ba. Ni na gaji tanderun, ni na riƙe shi har bayana ya ƙi, kuma ba a taɓa maido mani da burodi an ce ɗanye ne ba. A hannuna tsoron ya ƙare. Matan rijiya da ke cewa ƙashin matattu ne, su ne sunka koma aiko ɗiyansu tun da safe. Tsoro ya tafi, girman abin ma ya bi shi, har munka iso yau da ake tsintar burodi a kwata an ciza an yar.

Shi kuwa Baba Kafaran ya koma zama a zaure, shina kallon hanya. In na komo daga kai ma mutane, tire a kai, sai shi ce, "Amarya, ba wanda ya ce komi?" In ce kamar mi, Baba? Shi ce, "Ko wani ya ce ya ji ɗanɗano ya sake." Mutanen nan shekara da shekaru suna cin na Noma, da mushe, da jandarmomi, da 'yan mishan, da direbobi. Na riƙa tsayawa ina kallon bakinsu in sun gutsura, ko wani za shi ɗaga kai. Mushe ma cewa ya yi, a gaida Kafaran, burodinshi kullum ɗaya ne, ba ya canzawa. Wanga ban kai mashi ba.

Damina ta wuce, wata ta zo, tarin ya kwantar da shi. Ranar da za shi cika na shiga da kunu, ya kasa sha. Ya yi mani alama in matso. Na kara kunne, na ɗauka wasiyya ce. Ya ce, "Har yau ba wanda ya tambaya?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "To. Je ki, kada burodi ya ƙone."